Rubuta abin da ke zuciya a lokacin shirin gudun fanfalaki: yana rage damuwa ko ƙara ta yake yi?

Barewa_Mai_Jinkiri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin shirin gudun fanfalaki na farko, wato tseren da ya ɗan haura kilomita 42, kuma na kai tsakiyar jadawalin atisaye, daidai wurin da dogon gudun ƙarshen mako ya fara haura kilomita 25. Jikina yana ɗaukar aikin ba laifi, zuciyata ce ba ta ɗauka. Tun daren jajibirin dogon gudu nake fara zullumi, idan kuma na fita na kasa riƙe saurin da jadawali ya tsara, sai in wuni ina jin haushin kaina, har mutanen gida su gane ba tare da na buɗe baki ba. Kocinmu ya ba ni shawara in sami littafi in riƙa rubuta yadda nake ji bayan kowane atisaye, ba kilomita da mintuna kaɗai ba. Na fara, amma ina da shakka, domin sau da yawa idan na ajiye alƙalami sai in ji raina ya fi ɓaci, abin da da zai wuce da kansa na zaunar da shi a takarda. Tambayata ga waɗanda suka riga ni shiga wannan harka ita ce: rubutun nan yana da amfani na gaskiya kuwa? Idan yana da shi, me kuke rubutawa, kuma a wane lokaci?

Ɗan_Asuba:
Wa alaikis salam, Malama Barewa. Ki ci gaba, kada ki ajiye. Amfanin littafin ba ya fitowa a ranar da aka yi rubutun, sai bayan makonni, lokacin da zuciya ta fara yi miki ƙarya. Za ki wayi gari wata rana da cikakken tabbacin cewa tun da kika fara shirin nan babu abin da ya ƙaru a jikinki. Idan kika buɗe shafukan baya sai ki tarar da rubutunki yana cewa kilomita 14 sun kusa kayar da ke, ga shi yanzu su ne gudun da kike yi kina hira. Babu wanda zai ba ki wannan shaida ki yarda, ko kocin ne, sai dai rubutun hannunki.

Tsohon_Tsere:
Da izinin ɗan'uwa, ni akasin haka nake gani. Na daɗe a wannan gudu, kuma abin da na lura da shi shi ne, ɓacin ran da ke bin mummunan atisaye wanka da barci mai kyau sun isa su kore shi. Wanda ya zauna ya cika shafi biyu a kansa ya ba shi masauki ne. Ni abin da nake rubutawa tazara ce, da lokaci, da takalmin da na sa, domin in san sa'ad da ya kamata in sauya shi. Sauran kuwa ƙafa ce ke warware shi a kan hanya. Yarinya, abin da kika ji da kanki shi ne gaskiya: idan rubutu yana ƙara miki nauyi, ki bar shi.

Malama_Nazari:
Baba Tsohon_Tsere, akwai gaskiya a maganarka, sai dai ba ta ƙare a nan ba. Abin da 'yar'uwa Barewa ta kwatanta, wato jin nauyi nan take bayan rubutu, abu ne sananne ga masu binciken halayyar ɗan'adam. James Pennebaker da Sandra Beall sun wallafa wani bincike a Amurka a 1986, inda suka sa ɗalibai su zauna minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, wasu suna rubuta abubuwan da suka taɓa girgiza su da yadda suka ji, wasu kuma suna rubuta abubuwa marasa nauyi na yau da kullum. Waɗanda suka rubuta abin da ke ransu sun tashi daga tebur cikin ɓacin rai fiye da sauran, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta bai kai na sauran yawa ba. An maimaita irin wannan gwaji sau da dama bayan nan, kuma idan aka haɗa sakamakon gaba ɗaya amfanin yana nan, sai dai ƙarami ne, kuma ba kowa ke samunsa ba. Saboda haka nauyin da ake ji a sa'ar farko ba hujja ba ce cewa rubutun ya cutar.

Inda nake tare da Baba shi ne, akwai rubutun da saƙe-saƙe ne kawai aka zuba a takarda. Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tana nazarin wannan ɗabi'a ta juya damuwa ɗaya a rai ba tare da an kai ko'ina ba, kuma ta nuna tana tsawaita baƙin ciki. Shi ma Pennebaker da abokan aikinsa, da suka koma suka duba kalmomin da mutane ke amfani da su, sun ga waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ke sauyawa daga rana zuwa rana, kalmomin dalili da na ganewa suna ƙaruwa a ciki. Ga gwaji mai sauƙi, 'yar'uwa: ki karanta shafukanki na kwanan nan a jere. Idan jimla ɗaya ce ke dawowa, irin su "ni ba zan iya ba", to saƙe-saƙe kike yi. Idan kin fara ganin "saboda ban yi barci ba" ko "na lura duk ranar da", to rubutun ya kama hanya.

Barewa_Mai_Jinkiri:
Na gode, Malama. Na duba yanzu, kuma duka biyun suna ciki, sai dai na farkon ya fi yawa, musamman a ranakun dogon gudu.

Koci_Mai_Usur:
Bari in shigo ta wata ƙofa, domin ni ba don sanyaya zuciya nake sa 'yan gudu rubutu ba, don kare jiki nake yi. Yanayin rai yana cikin alamomin da ke saurin nuna cewa nauyin atisaye ya fi ƙarfin mutum. William Morgan na Jami'ar Wisconsin ya bi 'yan ninƙaya na tsawon shekaru, ya kuma wallafa a 1987 cewa duk lokacin da aka ƙara musu nauyin horo, gajiya da fushi da baƙin ciki suna ƙaruwa, kuzari yana raguwa, idan aka sassauta kuma yawanci sai su dawo daidai. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya, Anna Saw da abokan aikinta, sun tattara nazarce-nazarce da yawa, suka tarar cewa abin da ɗan wasa ya faɗa da kansa game da yadda yake ji yana bin sauyin nauyin horo fiye da yawancin gwaje-gwajen jini da na bugun zuciya.

Saboda haka, Baba Tsohon_Tsere, mutumin da ya rubuta "yau ban ji sha'awar fita ba" ba shagwaɓa yake yi ba, awo ya ɗauka. Abin da nake nema a wurin duk wanda nake horarwa kaɗan ne: yadda ya yi barci, ciwon tsoka, sha'awar fita kafin ya ɗaura takalmi, wahalar da ya sha a lamba daga 1 zuwa 10, sai jimla ɗaya ko biyu kan abin da ke ransa. Idan na ga gudu mai sauƙi wanda ya saba ba shi 3 ya koma 6 ko 7 kwanaki a jere, ga barci ya lalace, ga rubutun ya cika da jin haushin kowa, ba na jiran ƙwauri ko agara su yi magana, rage masa kilomita nake yi a wannan makon.

Mai_Agogo:
Malam Koci, duk abin da ka lissafa agogon hannu yana yin sa ba tare da takarda ba. Nawa na Garmin ne, yana auna barci da bugun zuciya na hutu, bayan gudu kuma yana tambayata wahalar da na sha daga 1 zuwa 10, wato ma'aunin Borg ke nan. Bayanan gudun suna hawa manhajar Strava da kansu, har da wurin rubuta bayani. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya koma ga littafi da alƙalami a wannan zamani ba.

Koci_Mai_Usur:
Ɗan gyara kaɗan, ɗan'uwa. Ma'aunin da Gunnar Borg, masanin nan ɗan Suwidin, ya fara shahara da shi daga 6 zuwa 20 yake, domin idan aka ninka lambar sau goma ta yi kusa da bugun zuciyar matashi mai lafiya, daga 60 zuwa 200 a minti. Ma'aunin da ke tsayawa a 10 daga baya ya zo, kuma shi ne Carl Foster ya ɗauka ya ce a ninka lambar da mintunan atisaye a sami nauyin aikin ranar. Ban ƙi agogo ba, ni ma ina sawa. Amma agogo zai gaya maka bugun zuciyarka ya haura yau, ba zai gaya maka dalili ba, dalilin kuwa shi ke nuna ko hutu kake bukata ko wani abu dabam.

Uwar_Tagwaye:
Malam Mai_Agogo, matsalar wurin bayanin nan na manhaja ita ce mutane suna gani. Duk wanda ya san abokan gudunsa za su karanta, abin da zai sa a yaba masa yake rubutawa, ko kuma ya kawo uzuri tun kafin a tambaye shi. Na sha ganin an rubuta "gudu a hankali tare da aboki" alhali mun san iya ƙarfin mutum ke nan a ranar. Littafina kuwa babu mai buɗe shi, shi ya sa nake faɗin gaskiya a ciki. Ga irin abin da nake rubutawa, ko zai amfani ƙanwata Barewa:

"Talata, kilomita 10. Na tashi ba na son fita. Ƙafafu sun yi nauyi har kilomita ta huɗu. Jiya na kai dare ina gyara lissafin ofis, kuma an yi mini faɗa kan kuskuren da ba nawa ba ne. Duk hanya amsar da ya kamata in bayar nake shiryawa a raina. Wahala 7, alhali sauri bai kai na makon jiya ba."

"Alhamis, kilomita 10, hanya ɗaya da ta Talata. Na yi barci da wuri. Ban duba agogo ba sai a ƙarshe. Wahala 4, kuma na fi Talata sauri."

Jiki ɗaya ne, hanya ɗaya, kwana biyu tsakani. Kafin in fara rubutu, irin Talatar nan sai in yanke hukunci cewa ƙarfina ya koma baya, in ƙara atisaye don in rama, in ƙara gajiya. Yanzu idan na ga haka sai in duba abin da ya faru jiya kafin in tuhumi ƙafafuna. Wani abin kuma, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sai da na riƙa sa alamar kwanakin al'ada a gefen shafi na gane cewa ranakun da nake jin zan fasa tseren gaba ɗaya kusan kullum a wuri ɗaya suke faɗowa a wata. Ba kowace mace ke haka ba, amma kowace za ta iya gano nata tsarin ta wannan hanya.

Malama_Nazari:
Yaya Uwar_Tagwaye, Talatarki tana da goyon bayan bincike. Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor da ke Birtaniya sun wallafa a 2009 cewa mutanen da aka sa su aikin ƙwaƙwalwa mai gajiyarwa na minti 90 kafin su hau keken gwaji sun gaji sun tsaya da wuri fiye da ranar da suka kalli fim kawai, alhali bugun zuciyarsu da sauran awon jiki ba su bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne yadda suka ji wahalar aikin.

Koci_Mai_Usur:
Tun da Hajiya ta taɓo batun al'ada, ina so in ƙara abu guda. Idan littafi ya nuna al'ada ta ɗauke ko ta rikice a lokacin atisaye mai nauyi, ga yawan gajiya da saurin fushi, kada a ɗauka alamar ƙoƙari ce. Sau da yawa abincin da ake ci ne bai kai ƙarfin da ake ƙonawa ba, matsalar da Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da bayani a kanta a 2014, kuma tana raunana ƙashi, tana kuma shafar maza. Wannan na likita ne.

Tsohon_Tsere:
To, na ji ku duka. Amma ku lura, abin da Koci da Hajiya suka kawo rajista ce ta atisaye da aka ƙara wa layi biyu, kuma wannan ban taɓa ƙin sa ba. Eliud Kipchoge, zakaran gudun fanfalaki ɗan Kenya, ma ya sha faɗin cewa da hannu yake rubuta atisayensa a littattafai shekara da shekaru, ga shi ya yi kilomita 42.195 cikin 1:59:40 a Viyana a 2019. Abin da na ƙi shi ne zama a yi ta tonon zuciya. Yarinyar nan ba cewa ta yi ba ta san dalilin gajiyarta ba, cewa ta yi tana wuni tana jin haushin kanta. Wannan hali ne, kuma ban ga yadda takarda za ta gyara hali ba.

Gwiwa_Ta_Warke:
Baba, ni zan iya ba da shaida a ɓangarori biyun, domin duka na ɗanɗana. Ana saura 'yan makonni tsere gwiwata ta hana ni gudu, likita ya ce sai hutu. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai ɗauka ciwon ne ke damun mutum, alhali ba shi ba ne. Abin da ke cin rai shi ne ka farka da asuba a lokacin da ka saba fita, ka ji ƙarar takalman wasu a kan titi, ka san jadawalinka na manne a bango yana tafiya ba tare da kai ba. A farkon jinyar kullum dare sai na cika shafi da lissafin abin da na rasa da wanda nake ganin laifinsa, kuma tabbas maganar Baba ta tabbata a kaina, domin ya zama kamar susar ƙurji, da daɗi a lokacin, da safe kuma wurin ya ƙara ɗanyacewa.

Abin da ya sauya shi ne tsarin rubutun. Mai yi mini gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ta ce in ƙayyade wa kaina minti goma, in kuma rubuta kamar wani nake ba wa shawara, in kira sunana in ce masa "kai". Da farko abin ya ba ni dariya. Amma da na gwada sai na tarar ba zan iya rubuta wa wani "kai ba ka da amfani" ba, ko da sunana yake amsawa. Sai hannuna ya rubuta, "Ka ji takaici, kuma kana da dalili. Yau ka hau matakala ba ka riƙe ƙarfe ba, makon jiya ba ka iya ba." Takarda ba ta gyara mini hali ba, Baba, amma ta nuna mini irin muryar da nake yi wa kaina magana da ita, wadda ban taɓa jin ta da kyau ba sai da na gan ta a rubuce.

Malama_Nazari:
Wannan dabara ta kiran kai da suna Ethan Kross na Jami'ar Michigan ya gwada ta, ya wallafa a 2014 cewa tana rage fargaba da zargin kai ga mutanen da aka sa su yin jawabi a gaban masu tantancewa. Ina ganin ita ce ta fi dacewa da abin da 'yar'uwa Barewa ta kawo, tun da matsalarta hukuncin da take yanke wa kanta ne bayan gudu.

Likitan_Dare:
Ina bin tattaunawar da sha'awa, kuma ina so in sa iyaka guda, domin masu karatu sun fi masu rubutu yawa. Zullumi kafin dogon gudu da ɓacin rai na wuni ɗaya bayansa abu ne da aka saba gani. Amma idan baƙin ciki ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, mutum ya daina jin daɗin abubuwan da ba su shafi gudu ba, ci da barci sun rikice, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to an wuce abin da littafi zai ɗauka, a nemi likita. Littafin yana da amfani a nan ma, domin wanda ya zo mini da shi ba sai na yi ta tambayar yaushe abin ya fara ba.

Sabon_Shiga:
Don Allah a wane lokaci ya fi kyau a yi rubutun? Ni idan na dawo daga dogon gudu ko alƙalami ba na iya riƙewa.

Uwar_Tagwaye:
Ƙanena, lambobi nan take, kafin ka manta. Abin da ke rai kuwa sai ka yi wanka, ka ci abinci, ka huta. Mutumin da ya ƙare kilomita 30 sukarin da jikinsa ke ajiyewa a tsoka da hanta ya yi ƙasa, kuma abin da zai rubuta a wannan hali yunwa ce ke magana. Wataƙila ma shi ya sa shafukan Barewa na ranar dogon gudu suka fi na sauran ranaku duhu.

Ɗan_Asuba:
Ina so in dawo da mu kan zullumin daren jajibiri, wanda Malama Barewa ta fara da shi, ba mu kuma taɓa shi sosai ba. A wannan dare ni ba yadda nake ji nake rubutawa ba, shiri nake rubutawa: ƙarfe nawa zan tashi, wace hanya zan bi, a ina zan sha ruwa. Bayan haka sai in jera abubuwan da nake tsoro, kowanne da amsarsa. Idan na fara da sauri fiye da kima, zan rage a kilomita ta biyu ko da kowa ya wuce ni. Idan cikina ya murɗa, zan taka a ƙafa minti ɗaya in sake tashi. Idan raina ya ce in tsaya bayan kilomita 28, zan ƙirga ɗari kafin in amsa masa. Wannan ƙirga daga Paula Radcliffe na ara, 'yar gudun Birtaniya wadda ta gama gudun fanfalaki cikin 2:15:25 a Landan a 2003, kuma ta faɗa cewa idan gudu ya yi tsanani takan ƙirga ɗari sau uku, ta san ta ci mil guda. Masana suna da bincike kan irin wannan shiri na "idan kaza ya faru, zan yi kaza", wanda Peter Gollwitzer ya yi fice a kansa. Akwai kuma gwajin da Michael Scullin ya yi a Jami'ar Baylor, aka wallafa a 2018, inda waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu kafin kwanciya suka fi saurin yin barci a kan waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama.

Tsohon_Tsere:
Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin shiri ne, ba kuka ba. Duk wanda ya kalli tseren Boston na 2018, da ruwan sama da sanyi da iska, ya ga yadda manyan 'yan gudu da dama suka fice, Desiree Linden da Yuki Kawauchi suka yi nasara. Ranar tsere ba ta tambayar mutum yanayin da yake so.

Mai_Dogon_Zango:
Babu wanda ya yi maganar makonni biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da ake rage kilomita domin jiki ya murmure kafin tsere, alhali a wurina nan ne zuciya ta fi tayar da hankali. Lokaci ya yi yawa, gudu ya ragu, sai mutum ya fara jin ciwo a wuraren da ba su taɓa ciwo ba, ya kuma tabbatar wa kansa cewa ƙarfin da ya tara na watanni yana zubewa. A shirin da na yi na baya na rubuta duk waɗannan, har da ciwon dunduniyar da na rantse zai hana ni tsere, wanda ya ɓace da aka busa usur. Da na sake shiga wannan lokaci a shiri na gaba, na buɗe tsohon littafi na tarar da tsoro iri ɗaya, kusan da kalmomi iri ɗaya, sai na yi dariya na kwanta.

Haka kuma bayan tsere. Mutane da yawa suna shiga wani irin sanyin jiki a kwanakin da suka biyo baya, ko da sun yi abin da suka je nema, domin abin da ya tsara musu rayuwa na wata huɗu ko biyar ya ƙare rana ɗaya. Ina ba da shawara a rubuta labarin tseren cikin kwana ɗaya ko biyu, kilomita bayan kilomita, saboda tunani yana goge wahala. Wani masani a Folan, Przemysław Bąbel, ya tambayi 'yan gudun fanfalaki yawan zafin da suka ji da gama tsere, ya sake tambayarsu bayan watanni, sai suka faɗi abin da bai kai na farko ba. Wanda bai rubuta ba zai sake yin rajista ya manta a ina ya karye da kuma dalili.

Mai_Agogo:
Na karanta abin da Hajiya ta rubuta game da masu kallo, kuma ban musa ba. Amma har yanzu ina ganin ba dole sai takarda ba. Akwai wurin ajiye bayanin sirri a manhajar, wanda ni kaɗai nake gani, kuma yana tare da taswira da bugun zuciyar ranar, abin da littafi ba zai ba ni ba. Wasu ma magana suke yi waya ta naɗa suna tafiyar huce gajiya.

Barewa_Mai_Jinkiri:
Allah ya saka wa kowa da alheri. A dogon gudun wannan makon na gwada abubuwa biyu daga cikin shawarwarinku. Da dare na rubuta shiri irin na Malam Ɗan_Asuba, kuma na yi barci fiye da yadda na saba, ko da yake na farka kafin agogo ya buga. Bayan gudu na rubuta lambobi kawai, na bar sauran sai yamma kamar yadda Yaya Uwar_Tagwaye ta ce, da yamman ta yi kuwa sai na tarar abin da zan rubuta bai wuce layi huɗu ba. A kilomita biyar na ƙarshe na sake kasa riƙe sauri, kuma raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Kiran kaina da suna har yanzu bai zauna mini ba, ina jin kamar wasan kwaikwayo nake yi. Tambayar da ta rage mini ita ce: shafukan nan na farko masu cike da zargin kai, in bar su in karanta kafin tsere kamar yadda Malam Mai_Dogon_Zango ya yi, ko in cire su?

Tsohon_Tsere:
Ki yage su, yarinya. Babu abin da ke ciki da za ki bukata a kilomita ta 35.

Mai_Dogon_Zango:
Kada ki yage. Ba a wannan shirin za su yi miki amfani ba, a na gaba ne.

Malama_Nazari:
Ni da zan ba da shawara, ki bar su a wurinsu amma kada ki buɗe su a makon tsere. Ki ɗauki sabon shafi ki kwafo ranakun da kika fita ba kya so kuma kika gama, da kwanan wata da tazarar kowacce, shi za ki karanta a wannan makon. Batun kiran suna kuwa, idan bai karɓe ki ba ki bar shi, ba kowa yake yi wa aiki ba. Malam Koci, kai me ka gani game da kilomita biyar ɗin nan na ƙarshe? Mako biyu ke nan tana faɗin abu ɗaya, ina zargin saurin da aka tsara mata ne ya yi yawa.

Koci_Mai_Usur:
Ni ma shi nake tunani, amma ba zan shiga aikin kocinta ba. Malama Barewa, ki kai masa littafin ya ga lambobin wahala na dogayen gudun da kika yi a baya-bayan nan, da abin da kike sha ko kike ci a kan hanya, da saurin da kike farawa da shi. Dogon gudu a shirin farko yawanci a saurin da mutum zai iya magana ake yin sa. Idan kina ba shi 8 tun daga tsakiya, jadawalin ne ke bukatar gyara. Ki dawo ki gaya mana abin da ya ce.